Kwanon Goron da Na Shiga Aji da Shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban ɗalibai arba'in ina musu da kwanon goro ba, kuma kwanon ya kayar da ni.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwar gwaji a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke kan hanyar Daura zuwa Mai'adua. Lissafi nake koyarwa, kuma in faɗa muku gaskiya, a lokacin ji nake duk ƙasar Daura babu mai kai irin nawa. Malaman makarantar kallon tausayi nake yi musu. Ɗalibai kuwa ba na ma sa su a lissafi. (Na taɓa gaya wa wani aji cewa koyar da su asarar alli ce. Allah ya yafe mini.)

Abin da ya rage tsakanina da takardar shaidata shi ne darasi ɗaya tak. Kwaleji za ta turo wani dattijon malami ya zauna a bayan aji, ya kalle ni ina koyarwa, ya ba ni maki. In na ci, na gama. In na faɗi, sai baɗi in sake koyarwar gwajin daga farko, abokan karatuna suna can suna neman aiki.

Na zaɓi darasin yiwuwa, wanda yara ke kira firobabiliti, don a nan ne zan nuna bajinta. Matsalar ita ce duk misalan littafin da karta aka yi su. Shari'a kuwa ba ta daɗe da dawowa ba, kowa na kaffa-kaffa. Firinsifal ya ja mini kunne: "Malam, kada in ga karta a makarantar nan. Yaro ɗaya ya je gida ya ce ana koya musu caca, ni da kai mun shiga uku."

Sai dabara ta faɗo mini, na kuma yi kwana biyu ina yaba wa kaina a kanta. Na je kasuwa na sayi goro ashirin, fari goma, ja goma. Na ari kwanon samira mai nauyi a wurin matar mai gidan da nake haya, na zuba, na rufe da ɗankwali. Ɗalibi zai sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗauko ɗaya, mu rubuta launinsa, ya mayar. Yiwuwar fari rabi ce, ta ja rabi. A ɗauka ashirin ana sa ran fari ya fito wajen sau goma. Ko jaki aka koya wa haka ai zai gane.

Da safiyar ranar na ajiye kwanon a tsakiyar teburin ofishin malamai, na fita tarar baƙona a bakin titi. Mai babur ɗin da ya ɗauko shi ya yi latti, sai da na yi kusan rabin awa a tsaye. Muna isowa aka kaɗa ƙararrawa, na suri kwanon da littattafaina na wuce aji, ko ɗaga ɗankwalin ban yi ba. Me zan duba? Ni na ƙirga da hannuna.

Dattijon ya zauna a baya ya buɗe fam ɗinsa. Na cika allo da rubutu, na yi bayani cikin Turancin da ni kaina bai gama zama a bakina ba, sannan na ce a fara ɗauka.

Na farko ya fito ja. Na biyu ja. Na uku, na huɗu, na biyar, duk ja. Na yi murmushi irin na masana, na ce wannan ba komai ba ne, sa rai daban, tabbas daban, su dai ci gaba za su ga ya daidaita.

Ta takwas wata yarinya ce mai suna Rabi, 'yar wani ƙauye a wajen Baure, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai a kiran suna. Ta sa hannu, ta ɗan lalube, ta fito da ja. Maimakon ta koma ta zauna sai ta tsaya.

"Malam, goron nan fa bai kai ashirin ba."

"Ke kika saya ko ni?"

"Kai ne, Malam. Amma da an buɗe an gani."

Nan kaina ya ɗau zafi. A gaban baƙona! Na ce mata ilimin lissafi ba tallar goro ba ne da za ta auna shi da yatsu. Na ce irinsu ne ke sa malami ya yi da-na-sanin shiga aji. Aji ya fashe da dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar, wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Na sa ta durƙusa a gefen allo, na ce sai fari ya fito za ta tashi.

Aka ci gaba. Goma, ja. Sha biyar, ja. Gumi ya fara bin bayana, amma bakina bai mutu ba. Ina ta zuba cewa idan ɗauka ta yi yawa dole lissafi ya yi halinsa. Yara suka fara amsawa tare tun kafin a buɗe hannu: "Jaaa!" Har wani ya ce, "Malam, ko farin ya tsallaka Nijar ne?"

A ɗauka ta ashirin, layin fari a kan allo fayau yake, ko ɗigo babu. Sai dattijon ya yi gyaran murya.

"Malam, in fari goma ne ja goma, mece ce yiwuwar ja ya fito sau ashirin a jere?"

Na juya wajen allo da rawar jiki, na ga dama ta samu. Na ninka rabi sau ashirin. "Ɗaya cikin miliyan ɗaya da 'yan kai, ranka ya daɗe."

"Madalla, lissafinka daidai ne. To mece ce yiwuwar cewa yarinyar nan ta fi ka gaskiya?"

 Sai na ɗaga ɗankwalin. Goro bakwai ne a kwance a gindin kwanon, jajaye zur, fari ko ɓari babu.

Ban gama zare ido ba sai ga mataimakin firinsifal ya leƙo ta taga, kumatunsa a cike, yana tauna.

"Malam, ashe abin arziki ya samu, shi ne ka ajiye goro ka gudu? Suna ne ko ɗaurin aure? Mun dai yi addu'a, amma ba ka faɗi rana ba."

Kowa a ƙasar nan ya san ma'anar kwanon goro a teburin malamai: gayyata ce, ka ɗauka, ka sa albarka. Kowa ya sani, ban da gwanin lissafi. Malamai goma sha uku suka bi layi, kowa ya tsince fari saboda ya fi daraja, na ƙarshe uku suka haƙura da ja. (Ba wanda ya tambayi kansa yadda gwauron da ko budurwa ba shi da ita zai yi suna. Goro suka gani, hankali ya tafi hutu.)

Yara suka yi ta dariya, har da masu faɗowa daga benci. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijon bai yi dariya ba. Ya taso, ya ce wa Rabi, "Tashi, 'yata, je ki zauna." Gwiwoyinta duk sun yi fari da ƙura.

A bakin titi, yana jiran babur, na yi ta ba shi haƙuri ina ɗora wa malamai laifi. Ya bari na gama tas.

"Goro kowa ana iya cinye masa, ba zan kayar da kai don wannan ba," in ji shi. "Amma mutum ɗaya ne a ajin nan ya yi lissafi yau, kai kuma ka sa ta durƙusa. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Haka aka yi. Abokaina suka karɓi takardunsu, ni na sake zangon gwaji guda cur a wata makaranta a Dutsi, kaina a ƙasa.

Yau na kai shekara goma sha wani abu ina koyar da wannan darasi. Abin da na koya ba shi da yawa: in sakamako ya ƙi bin lissafina, kaina nake fara tuhuma, tunda na riga na san yiwuwar in zama wawa ta fi ɗaya cikin miliyan nesa ba kusa ba.