Riga Ɗaya, Jam'iyya Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen depitoci, wato 'yan majalisa, na jihar Damagaram ba. Ko na so in manta ma, mutanen Yekuwa ba za su bar ni ba.

A shekarar nan siyasa ta raba garinmu gida biyu, masu ja da masu shuɗi. Kowane ɓangare da mai shayinsa da mahaucinsa, har injin niƙa ma ba a haɗawa. Mahaifina, Malam Idi, ɗan ja ne na gani-kashe-ni. Surukina Alhaji Mato kuwa shuɗi ne har hular kansa, rabonsu da gaisawa tun kafin damina. Ga matata Hadiza tana gidansu wankan haihuwar fari, arba'in ta wuce tuni, amma duk sanda aka aika ɗauko ta sai Alhaji ya ce, "A bari a yi zaɓe, mu ga inda yaron ya dosa." (Ni ne yaron, da gemuna da ɗana.) Ni kuwa kewar matata ta ishe ni, tuwon maƙwabta ya fita raina.

Sai na yi dabara irin tawa. Na hau mota har Magarya, wajen telan da bai san ni ba, ya ɗinka mini riga mai fuska biyu, waje ja, ciki shuɗi. In ina gidanmu, ja nake. In zan je gaida Alhaji, sai in laɓe bayan rumbu in juye ta. Lissafina mai sauƙi ne: ranar sakamako in taka rawa da wanda ya ci, in juya riga in je jaje wajen wanda ya faɗi.

Abin da ban sa a lissafi ba, zaɓen depitoci ba kokawa ba ce da dole sai an kada wani. Ƙuri'un jiha gaba ɗaya ake tarawa a raba kujeru. Da la'asar rediyo ta faɗa: mutumin Baba ya shiga, mutumin Alhaji ma ya shiga. Ba mai jaje a garin, kowa ya fito da ganga.

Ina tsakiyar masu ja ina ta juyi, sai na hango ayarin shuɗi ya ɓullo ta bakin kasuwa, Alhaji a gaba. Na sulale bayan wata amalanken shanu da aka labta wa harawa, na fizgo rigar ta kai don in juye ta. Nan ta ce ba ta san zancen ba. Gumi ya jiƙa ta, wuyan ya matse, kaina da hannu ɗaya suka maƙale. Daidai lokacin gangunan biyu suka haɗu, san da ke jan amalanken ya firgita, ya yi gaba da mafakata.

Ban ga komai ba, ji kawai na yi ganguna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ga ni tsaye a fili, tumbi a waje (ko 'yar ciki ban sa ba, saboda zafi), riga rabi ja rabi shuɗi a kaina.

Sai na ji muryar Alhaji: "Malam Idi, wannan naka ne ko nawa?"

Baba ya ce, "Wallahi Alhaji, cibiyar dai ta gidanmu ce. Rigar ce ban gane ba."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ni kuma, don rashin abin yi, na durƙusa daga cikin rigar na ce, "Barkanku da arziki." Da ƙasa ta tsage da na shige, har da godiya.

A makon nan Hadiza ta dawo. Alhaji da kansa ya ce, "A mayar masa da matarsa, irin wannan ba a barin shi shi kaɗai." Baba ya ce gaskiya ne, kuma wannan ce magana ta farko da suka yarda a kanta.

Har yau Depite Baibai ake kirana. Rigar kuwa Hadiza ta farke ta ta yi zanen goyo, ja in za ta gidanmu, shuɗi in za ta gidansu, kuma ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Na dai koyi cewa taura biyu ba ta taunuwa. In kuwa ka nace sai ka gwada, to ka sa 'yar ciki, kuma kada ka dogara da san wani.