Minti Huɗun Malam Nababa a Kundin Duniya

Malam Nababa Sahabi shekararsa arba'in da bakwai, kuma shi ne mai rumfar kaset ta uku daga ƙofar kasuwar Gummi. Wannan kaɗai ya isa a girmama mutum. Amma Allah ya ƙara masa da kwamfuta, wadda yake ɗura wa jama'a waƙoƙi da wa'azi a wayoyinsu da ita, ya kuma ƙara masa da tabarau mai farin gilashi da yake sakawa duk lokacin da zai taɓa ta, ko da goge ta kawai zai yi. Maƙwabtan rumfarsa sun shaide shi da tawali'u. Bai taɓa cewa ya fi kowa sani a Gummi ba sai in an tambaye shi, ko kuma in an yi shiru.

A cikin kwamfutar akwai manhajar da ke kunna waƙa, mai wasu korayen sanduna da ke tsalle in sauti ya tashi. 'Yan kasuwa suna kiranta Kalangun Bature. Malam Nababa ba ya son wannan suna, yana ganin raini ne ga ilimi.

A watan Maris na 2008, Ƙungiyar Masu Kaset da Ɗura Waƙa ta Anka, Gummi da Bukkuyum ta zauna a Bukkuyum don shirya zaɓen shugaba. Dattawan ƙungiyar suka ce kaset ya kama hanyar mutuwa, saboda haka kujerar ta fi dacewa da wanda ya riga kowa kunna waƙa da kwamfuta. Mutum biyu suka miƙe. Ɗaya Sharu Sambo na Anka, mai ƙarancin magana, wanda ya ce shi dai ya san ya daɗe, ya koma ya zauna. Ɗayan Malam Nababa.

"'Yan uwa, ni ba ni gardama da kowa," in ji shi, yana gyara tabarau. "Akwai kundin ilimi na duniya a intanet. Cikinsa akwai shafi guda kan wagga manhaja, wanda masanan ƙasashe suka taru suka rubuta. Sunana yana ciki. Ni kaina kunya nake ji in na gani."

Sharu Sambo ya ce, "Madalla. Ran zaɓe sai a nuna muna."

Aka sa zaɓe bayan mako shida, a Gummi, a shagon Malam Mas'ud, domin nan ne 'yan ƙungiyar suka san akwai intanet.

Matsalar ɗaya ce, kuma ƙarama: sunan ba ya ciki. Malam Nababa bai ɗauki abin da ya faɗa a matsayin ƙarya ba. A ganinsa masana ne suka yi mantuwa, gyara mantuwar masana kuwa aikin manya ne.

Malam Mas'ud tsohon malamin Turanci ne da ya bar alli ya buɗe shagon buga takardu, kuma ɗan gwaggon Malam Nababa ne, wato taubashinsa. Shi ne ya taɓa gaya masa cewa kowa na iya shiga kundin ya yi rubutu. Daga baya ya ce a duk rayuwarsa ba maganar da ya yi nadamar faɗa kamar wannan.

Washegarin taron, Malam Nababa ya iso shagon da babbar riga. Mas'ud ya buɗe masa rajista da cikakken sunansa, domin ya ƙi yarda da laƙabi. Sannan Malam Nababa ya miƙe tsaye ya yi shifta, Mas'ud yana juyawa zuwa Turanci: "Wanda ya fara kunna wannan manhaja a Gummi da Anka da Bukkuyum shi ne Malam Nababa Sahabi, a shekarar 2003, ranar kasuwa." Aka saka jimlar tsakanin sunan kamfanin da ya ƙera manhajar da shekarar da ta fito. Aka danna. Jimlar ta zauna.

Malam Nababa ya dube ta, ya ce lallai masana sun yi adalci. Ya fita kiran mutane. Kafin ya dawo da mai faci da mai shayi, jimlar ta ɓace. Mas'ud, wanda ke kallon agogon bango, ya ce minti huɗu ta yi.

A madadinta akwai saƙo daga wani mai suna haruffa da lambobi: "Barka da zuwa kundinmu. Mun gode da gudummawarka. An cire ta domin ba ta da madogara."

Nan take Malam Nababa ya raɗa wa mai saƙon suna Farfesa, domin a ganinsa ba ƙaramin mutum ne zai iya goge shi ba.

"Edita, wanga ba mutum ba ne," in ji Mas'ud. Daga ranar ya fara kiransa Edita, Malam Nababa kuwa ya karɓi sunan hannu biyu. "Inji ne aka sa gadi. Ko jakin gidanku ya yi rubutu, haka zai yi mishi barka da zuwa."

"Inji ba shi hassada, ɗan gwaggo. Wagga kuwa hassada ce, ka ji yadda aka lulluɓe ta da ladabi."

Tunda hujja ake nema, Malam Nababa ya san yadda ake kawo hujja. Ya taɓa zuwa gaban alƙali kan iyakar gona. A rana ta uku ya shigo da shaidu biyu, baligai masu hankali: Magaji mai faci da Naziru mai shayi. Suka cire takalma a bakin ƙofa. Magaji ya tsaya gaban kwamfutar ya yi sallama, ya ɗan jira amsa, sannan ya shaida cewa da kunnensa ya ji waƙa ta fito daga akwatin Nababa, shekarar da ruwa ya yi yawa. Naziru ya shaida cewa shi ma ya ji, shekarar da aka yi fari. Mas'ud ya rubuta duka biyun kamar yadda aka faɗa. Naziru ya tambaya ina za a dangwala. Kafin a hana shi ya shafa tawada ya manna babban yatsansa a kan gilashin kwamfutar.

Wannan karon ma minti huɗu. Farfesa ya sake yi wa Malam Nababa barka da zuwa.

Abin da ya tabbata game da shekarar 2003 kaɗan ne. An sayo kwamfutar daga Sakkwato. Mas'ud ne ya saka mata manhajar, kuma shi ya kunna waƙar gwaji yayin da mai kwamfutar ke waje yana korar yara daga taga. Da Mas'ud ya tuna masa haka, Malam Nababa ya ce gwaji daban, kunnawa daban, kuma tarihi ba ya kula da ma'aikata.

A bayan kowane shafi na kundin akwai zauren muhawara, inda editoci ke jayayya kan abin da za a rubuta. A zauren wannan manhaja an shekara biyu ana rigima kan abu biyu: ko a jera launukan fuskar manhajar a shafin, da kuma ko fitowarta ta uku ta cancanci shafinta daban. Wasu sun yi fushi sun bar kundin a kan haka. Da Mas'ud ya fassara masa, Malam Nababa ya girgiza kai don tausayi. Mutane suna wahala saboda rashin babba a cikinsu.

"Rubuta," in ji shi. "Daga Malam Nababa Sahabi, Edita, Gummi, zuwa ga 'yan uwana masana. Bayan gaisuwa. Na duba rigimarku, kuma na yanke hukunci. Launi kore a bar shi, sauran a cire, domin kore shi ne nawa yake nunawa. Fitowa ta uku ban taɓa ganinta ba, saboda haka babu ita. Kowa ya yafe wa ɗan uwansa. Saura maganar sunana."

Wannan saƙo ya yi abin da shekara biyu ba su yi ba. Ɓangarorin biyu suka ajiye rigimarsu, suka haɗu a kan cewa a cire saƙon nasa.

Malam Nababa bai karaya ba, ya koma hanyar sulhu. Ya rubuta wa Farfesa cewa manya ba sa faɗa a gaban yara. Ya gayyace shi Gummi, ya kwatanta masa hanya daga tashar mota, ya ce in ya sauka ya hau kabu-kabu ya ce a kai shi rumfar Edita. Ya yi masa alkawarin kifi da fura. Ya ma yi tayin a raba girman, a rubuta cewa su biyu suka fara kunnawa, shi a Gummi, Farfesa a can inda yake. Farfesa ya amsa da barka da zuwa.

A mako na huɗu wata edita ta rubuto masa, ta ce ita ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata ƙasa mai sanyi. Cikin haƙuri ta yi masa bayani cewa madogara na nufin abin da aka buga, kamar jarida ko littafi. Malam Nababa ya ce ai da an faɗa tun farko. Ya hau mota zuwa Gusau, ya dawo da kalanda mai sheƙi. Hotonsa ne a tsakiya, hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗaya yana nuna sama, jimlar tana ƙasa da manyan baƙaƙe. An manta ba a sa watan Satumba ba, amma ba don watanni aka buga ta ba. Aka rubuta a kundin cewa madogara ita ce kalanda.

Matar ta amsa cewa abin da mutum ya buga a kan kansa ba a karɓarsa.

"Ka tambaye ta," in ji Malam Nababa, "a duniyar nan wa ya fi ni sanin abin da na yi? Inna ta rasu. Saura ni."

Mas'ud ya ce, "Edita, ka je ka gaya wa ƙungiya ka yi kuskure. Sharu mutumin kirki ne, zai ba ka mataimaki."

"Ni ba a haife ni mataimaki ba."

Da zaɓe ya rage mako guda, Malam Nababa ya zauna ya yi lissafi irin na masana. Jimlar tana yin minti huɗu. 'Yan ƙungiya talatin da ɗaya ne. In aka tsayar da su a waje ƙarƙashin darbejiya, ya shiga shi da Mas'ud da sunan shirya na'ura, ya saka jimlar, aka buɗe ƙofa, kowa zai sami daƙiƙa bakwai ya gani ya wuce. Aka yi atisaye kwana biyar da shaidun nan biyu da duk wanda ya zo buga takarda. Magaji ne mai ƙofa: in Edita ya shiga, zai ƙirga ɗari a zuci, sannan ya buɗe. A kowane atisaye sai an saka jimlar da gaske, domin Malam Nababa ba ya son aikin wasa. Wata rana sau tara aka saka ta.

Ranar zaɓe mutanen Anka da na Bukkuyum suka iso da hantsi a kan babura. Aka gaisa, aka sha ruwa. Malam Nababa ya roƙi a ba shi ɗan lokaci, ya shiga ya rufe ƙofa. Mas'ud ya buɗe shafin, ya saka jimlar, ya danna. Wani jan akwati ya fito ya cika allon.

"Mi ne ne wanga?"

"Bari in karanta," in ji Mas'ud.

Bai kai ƙarshe ba Magaji ya cika ɗari. Magaji mutum ne mai riƙon amana. Ya wangale ƙofa ya ce a shigo a layi, kowa daƙiƙa bakwai.

Sharu Sambo ne a gaba. Ya sunkuya ya duba. Ba ya jin Turanci, amma ya gane sunan, ga shi a sama da manyan baƙaƙe.

"Ga suna kam," in ji shi. "Malam Mas'ud, karanta muna sauran."

Mas'ud ya dubi taubashinsa, ya dubi mutum talatin da suka cika masa shago. Ya shekara ashirin yana koyar da fassara, bai taɓa ƙara ko rage kalma ba. Ya karanta cewa editocin kundin, bayan tattaunawar kwana tara, sun hana Malam Nababa Sahabi yin rubutu a kundin har sai abin da hali ya yi, saboda ya saka jimla ɗaya a kan kansa sau arba'in da uku.

Kowa ya juyo ya dubi Malam Nababa.

"Ashe kai ke rubutawa," in ji Sharu Sambo, ba tare da ɗaga murya ba. "Mu mun zaci masana ne."

Malam Nababa ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce duk wanda ya san harkar ilimi ya san ba a zaman kwana tara a kan ƙaramin mutum. Ya ce a duba tarihi. Ya so ya ci gaba, amma wani dattijo daga Bukkuyum ya ce hanyarsu da nisa, a ɗaga hannu kawai.

Sharu Sambo ya sami ƙuri'a ashirin da tara. Malam Nababa ya sami biyu, tasa da ta ƙanin matarsa, wanda ya ɗaga hannu iya kunne. Sharu ya yi masa tayin mataimaki a gaban kowa. Malam Nababa ya ce ayyukan ƙasa da ƙasa ba za su bar shi ba.

Ranar Litinin da ta biyo baya ya koma shagon Mas'ud, ya sa aka buga masa jan akwatin a takarda mai kauri, aka rufe ta da roba. Ya rataye ta a rumfarsa, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Mai son a karanta masa, yana tura shi wurin kowa ban da Mas'ud.