Wuƙar da Baba ya wasa a kan dakali

Ba zan taɓa mantawa ba da Layyar da surukina ya yi a gidanmu na unguwar Yantala a Yamai, ko da yake na daɗe ina fatan maƙwabta su manta.

Bari in fara faɗa muku cutata. Wasu tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, ni kuwa tsofaffin wuƙaƙe masu naɗewa nake tarawa, irin da muke ce wa kanif. Da albashin koyarwa ya shigo sai in zarce unguwar Kalley wurin Hamani, wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya, in zauna ina buɗe wuƙa ina rufewa a gefen kunnena don in ji ƙararta. Shi ya koya mini duba ko ruwan wuƙar yana rawa, ko mariƙin ƙaho ne ko roba, ko tambarin maƙerin ya goge. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce: wuƙar da ba a taɓa wasawa ba ita ce mai tsada. Da dutse ya taɓa bakinta, kuɗinta ya faɗi. Don haka nawa duk suna cikin akwati, kowace a naɗe cikin ƙyalle, ina shafa musu mai. (Matata Rakiya ta ce ko 'ya'yanmu ban taɓa shafa wa mai haka ba. Ban yi gardama ba.)

Mahaifin Rakiya, wanda ni ma nake kira Baba, tsohon malamin gona ne daga Maradi, mutum mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa nake son ya ga cewa hannuna ya iya wani abu ban da riƙe alli. Ranar da ya sauka na fito da akwatin, na yi masa dogon bayani a kan kowace wuƙa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Madalla." Na ɗauka yabo ne.

Ranar Salla muka dawo daga Idi, Baba ya yanka rago da babbar wuƙa. Mahaucin da ya yi mana alkawarin fiɗa bai zo ba (ranar Layya a Yamai ganin minista ya fi ganin mahauci sauƙi). Maƙwabta har sun ɗaura nasu ragunan a kan itace sun jera a gefen wuta, namu yana kwance da fatarsa a ƙofar gida. Baba ya naɗe hannun riga ya ce, "Mu feɗe abinmu. Malam, kawo mini ƙaramar wuƙa, ai gidan wuƙaƙe muke."

Wani daɗi ya kama ni. Na ɗauko wadda ta fi kowace, mai mariƙin ƙaho, wadda sai da na yi ta zirga-zirga wurin Hamani kafin muka daidaita. Na buɗe ta a hankali yadda maƙwabta za su ji ƙarar, na miƙa da hannu biyu.

Baba ya ɗora ta a ƙafar ragon ya ja. Ko gashi bai motsa ba. Ya gwada a igiyar da aka ɗaure ragon da ita, igiyar ma ta ƙi. "Kawo wata," in ji shi. Na kawo wata, na sake kawo wata, har akwatin ya dawo ƙofar gida gaba ɗaya. Babu wadda ta yanka komai. Rakiya tana leƙe daga zaure ta rufe bakinta da mayafi.

Sai Baba ya sake ɗaukar ta farkon, ya tsuguna a gaban dakalin siminti, ya ɗiga ruwa daga buta, ya ɗora bakinta. Ƙarar gogawar farko har cikin haƙorana na ji ta. Ban san lokacin da na yi tsalle ba, sai ganina na yi na riƙe wuyan hannun surukina, ina cewa, "Baba, kar ka wasa, za ta lalace!"

Ni da ko ido ba na haɗawa da shi. Baba ya dubi hannuna, sannan ya dube ni.

"Malam," ya ce, "wuƙar da ba ta yanka, mi ya rage ta lalace?"

Wani maƙwabci ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Na saki hannun, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

"In ba ka so, sai in aje," in ji Baba.

"A'a Baba, a wasa."

Ya wasa ta sosai, gaba da baya, ina tsaye ina jin kuɗina yana bin ruwan buta. Sannan ya sa ni riƙe ƙafar ragon, ya nuna mini inda ake tsagawa da yadda ake cusa dunƙulen hannu a ƙarƙashin fata. Bai sake tayar da zancen ba. Da muka gama ya goge wuƙar, ya naɗe ta, ya sa mini a tafin hannu ya ce, "To, yanzu kana da wuƙa guda."

Bayan Salla, don haushi, na kai ta wurin Hamani. Ya ɗaga ta a rana, ya ga zanen siminti a jikinta, ya girgiza kai. "Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, "wa ya kashe wannan?" Abin da ya taya bai kai rabin abin da na biya ba. Na mayar da ita aljihu na dawo gida ina ƙunƙuni.

Baba bai ga wata Layyar ba, Allah ya jiƙansa. Tun daga lokacin ni nake feɗe ragona, da wuƙar nan, kuma a dakalin nan nake wasa ta, maƙwabta suna tambayata ko ba na tsoron ta lalace. Har yanzu ina zuwa Kalley, cutar ba ta warke ba. Abin da na koya dai shi ne in gwada wuƙa kafin in yi wa mutum lacca a kanta. Sauran na cikin akwati kowa ya zo da kuɗi mai kyau za mu yi ciniki. Wadda Hamani ya ce ta mutu ce kaɗai ba ta sayarwa ba ce.