Rasuwar Gwaggo Dije, Kwamfutar da Aka Lulluɓe da Jiƙaƙƙen Buhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Abdussalami Ubale, mai gyaran rediyo da cajin waya a bakin tashar Ƙafin Maiyaki, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa rasuwar kwamfutata, wadda 'yan acaɓa suka raɗa wa suna Gwaggo Dije. Ta cika ranar Talata bayan la'asar a kan teburinta, ina can Doguwa wajen ɗaurin aure. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ajali yana da sanadi, sanadin wannan kuwa yana da suna, yana da shago, kuma zan ambace shi.

Marigayiya 'yar Kwatano ce, da tsufanta ta zo hannuna. Ban yi boko ba, da sukundireba da yawan tambaya na koyi cikinta. Ranar da na ɗora ta a tebur na yi alkawarin ba za ta ci haram ba. A yankin nan kusan duk kwamfutar da ka buɗe manhajar sata ce a ciki: masu abu sun ce a saya, mu kuwa muna kwafa muna cewa ai Bature bai san da mu ba. Allah dai ya san da mu. Don haka na sa mata Linux, manhajar da masu yin ta suka bar wa kowa kyauta, suka buɗe cikinta don kowa ya duba, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, kamar rijiyar unguwa. Da ita ta rayu, ba ta taɓa kamuwa da cutar kwamfuta ta bairos ba, ba ta taɓa kwana a hannun mai gyara ba.

Mai ƙana'a ce. Farantin sola ɗaya ya ishe ta. Da safe ta ce “ƙit” sau ɗaya, sai fankarta ta kama numfashi a hankali, ta shiga buga katin biki da takardun 'yan makaranta ba ƙorafi.

Amma aikin da za a fi tuna ta da shi shi ne wasan tseren babura. Ni ba na son wasa, kowa ya san haka. Sai dai na gaji da ganin 'yan acaɓa, idan fasinja ya yi ƙaranci da rana, suna fita hanyar Tudun Wada suna tseren gaske, ana kwaso su zuwa gidan mai ɗori. Na ce in dai sai an yi tsere, a yi shi inda faɗuwa ba ta karya ƙashi. Na sayi wasan da halalina daga wani kamfani da ya rubuta ƙarara cewa wasansa yana tafiya a kan Linux, har da hoton tsuntsun nan na tambarinta, mai baƙin baya da farin ƙirji. Na kafa doka: ba caca, ba ashar, kuma da an kira salla za a kashe ta ko da mutum ya hango tutar ƙarshe. Sun yi gunaguni, sun bi. Tun daga lokacin ban sake zuwa dubiyar mai karaya ba.

Jinyarta ta fara ne daga ƙetare. Wata safiya kamfanin nan ya aiko da sabuntawa, muka ƙona data muka sauke, sai wasan ya ƙi buɗewa. Suka ce sun daina kula da masu Linux, wai mu kaɗan ne, wai masu maguɗi suna iya fakewa a cikinmu. Ni da na biya, ni ne aka mayar ɓarawo. Sun sayar mini da doki, sannan suka biyo baya suka kwance sirdin. Na rubuta musu, wata na'ura ta amsa da cewa sun gode da ƙaunata.

A shaida, lafiyarta ƙalau a lokacin, ƙofa ɗaya kawai aka rufe mata. Na sauko da wani wasan tseren na kyauta na ce a yi haƙuri da shi. Samarin suka ce baburan ciki kamar amalanke suke.

Nan ne Ɗanjuma ya shigo, mai shagon da ke tsallaken titi, wanda maganinsa ɗaya ne a duniya: fomat, wato a share duk abin da ke cikin kwamfuta a zuba manhajar sata. Ko ciwon haƙori ka kai masa, fomat zai ce. Da zan tafi Doguwa na bar makulli hannun Ukasha, shugaban 'yan acaɓan tasha, magidanci mai iyali, ba yaro ba. Shaidu sun tabbatar mini Ɗanjuma ya tsallako ya ce, “Ku rabu da tsohon nan da tsuntsunsa. Kafin ya dawo na sa muku ta mutane.” Ya share ta tas, ya ɗura mata abin da na hana ta tun zuwanta.

Wasan ya buɗe, aka yi sowa. Amma kayan sun fi ƙarfin tsohuwa, ga zafin bazara. Fankar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta dinga “wiiii” kamar injin markaɗe. Ukasha ya dafa ta ya ce, “Kai, Gwaggo zazzaɓi take yi!” Ɗanjuma ya ce haka suke yi, ya koma shagonsa. Sai Ukasha ya ɗauko buhun da muke jiƙawa mu naɗe jarkar ruwan sha don ya yi sanyi, ya ƙara tsoma shi a bokiti, ya lulluɓe ta ruf. Ya toshe mata hanyar numfashi, ruwa kuma yana ɗiga ciki. Ta ce “ƙit, ƙit, ƙit”, aka ji ɗas, ƙauri ya tashi. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ukasha na yafe masa rabi, don tausayi ne ya haɗu da jahilci. Kamfanin nan kuwa Allah ya isa. Ina roƙon su ma wata rana wanda suka dogara da shi ya ce musu sun yi kaɗan, kuma na'ura ta gode musu da ƙaunarsu. Ɗanjuma ya zo gaisuwa yana sosa ƙeya, ya ce, “Malam, ai dama ta tsufa.” Na ce, “Kai ma za ka tsufa, Allah ya haɗa ka da mai fomat.”

Wanda yake ganin na cika zafi a kan ƙarfe da roba, ya je gidan mai ɗori ya duba Sagir ɗan acaɓa. Ranar Alhamis, da babu abin yi a shago, aka koma hanyar Tudun Wada. Cinyarsa ce ta karye, matarsa na da tsohon ciki, babur ɗin ma ba nasa ba ne.

Marigayiya ta bar allo ɗaya, da kibod mai giɓi, da linzami, da abin riƙon wasa guda biyu da suka sha gumin tasha, da firinta da ke zaman takaba, da samari masu yawa da yanzu nake kwana da fargabarsu.

Game da jana'iza: ba za a yi mata salla ba, don ba ta da rai, ni kuma ba na wasa da addini. Ba za a yi mata wanka ba, Ukasha ya riga ya yi. Abin da ya tsira a cikinta zan dasa shi a wata tsohuwar da nake harhaɗawa, kuma wasan amalanken nan shi za a yi, a kuma so shi. Gangar jikinta za a ajiye ta a ƙofar shago da buhun a kanta, tana kallon tsallaken titi.

Sadaka kuwa ranar kasuwa ce, daga hantsi har magariba, kuma kowace kasuwa haka. Ba gumba, ba waina. Duk mai kwamfuta daga Bebeji zuwa Doguwa ya kawo ta, zan sa mata Linux kyauta, in koya masa, ya tafi ba zai sake neman mai fomat ba. Kowa ya san cewa da dawowar masu bairos shagonsa Ɗanjuma yake cefane. An ajiye masa benci a gaba, inda zai fi ganin layin.