Dakta Mai Ƙwaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa rusa auren ɗan yayana da kalma ɗaya ba.

Shekara goma sha bakwai ina koyar da ilimin sinadaran jikin halitta a jami'a, kafin wani kamfani ya ɗauke ni in shugabance shi. Aikinmu kiwon ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ido ba ya gani, ana cakuɗa su da irin waken suya don gona ta yi albarka. A wurin aiki ba ma wahalar da baki, "ƙwaya" kawai muke cewa. Ina alfahari da aikin nan (matata ta ce har ya yi yawa).

To, Yaya ya tura ni Unguwar Dosa nema wa ɗansa Sadiƙu aure. Waliyyin yarinyar tsohon alƙali ne, mai tambaya kamar bai taɓa yin ritaya ba.

"Dakta, an ce ka bar jami'a. Yanzu me ake taɓawa?"

Na gyara babbar riga. "Allah ya gafarta Malam, harkar ƙwaya muke. A Kawo muke haɗa ta, mu ƙulla a leda, matasanmu su shiga da ita ƙauyuka. Wanda ya gwada sau ɗaya, wallahi ba ya bari."

Mutanen da ke falon suka dubi juna. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi.

"Shi yaron," in ji alƙali a hankali, "yana ciki?"

"Ai shi ke kula da rarrabawa!"

Alƙali ya dubi kwandon goron da muka kawo, ya ce a mayar mana da shi mota. Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Na fara bayani, Hausar ta gudu, sai Turancin aji ke fitowa.

Ƙanin alƙali, wani dattijo manomi, shi ya cece ni. "Tsaya, Dakta. Baƙin garin nan mai kama da gawayi?"

"Shi ne, Baba!"

"Yaya, ai abin da na zuba wa wakena bara ke nan, har ka ce ko gonar maƙwabci na haɗa da tawa. A dawo da goron nan!"

An ba mu yarinya. Har yau in alƙali ya hango ni a taro sai ya ɗaga murya: "Dillali, ya kasuwa?"

Digirina uku suna nan a bango, ina kuma goge su. Amma in suruki ya tambaye ni sana'a, taki nake sayarwa.