Kujerar Da Kowa Ke Gudu

A wani gari da ake kira Ba-Don-Kaina-Ba, akwai wata jami'a da limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jesuit suka kafa tun garin bai san kwalta ba. A cikinta akwai Makarantar Koyon Kasuwanci ta masu digiri na biyu, inda ake koya wa manya yadda ake juya dukiya. Waɗanda suka kafa ta kuwa mutane ne da suka yi alkawarin ba za su mallaki ko akuya ba.

Limaman nan suna da ƙa'ida a tsakaninsu: ba a neman muƙami. Wanda aka ga yana kwaɗayin kujera, shi ake fara cirewa. Lokacin da suke riƙe da makarantar ƙa'idar ba ta dami kowa ba, don shugaba ba ya samun komai sai ciwon kai da tsohon keke. Da suka tsufa suka ƙare, ya rage Fada Anselm kaɗai, sai aka ce shugabanci ya koma hannun malaman gari. Majalisar gudanarwa ta ƙara wa kujerar mota da gida da mai riƙe jaka. Ƙa'idar dai aka bar ta, don an rubuta ta a bango kuma fenti ya yi tsada.

Akwai Malama Rifkatu Barau, wadda kowace Asabar take tara masu awon hatsi da masu suyar ƙosai da teloli a babban zaure tana koya musu kasuwanci kyauta. Akwai kuma Farfesa Tanimu Jatau, gwanin ilimin talla, wanda ya daɗe yana cewa zauren nan ya fi dacewa da na'urar sanyi da manyan baƙi, ba warin daddawa ba. Rifkatu ta san in ya hau kujerar, ajinta ya mutu.

Farfesa bai ɓata lokaci ba. Gari ya waye da hotonsa a kowane bango, ya dafe kai, an rubuta a ƙasa: "Don Allah Kada Ku Zaɓe Ni." Ya ɗauko maroƙa da makaɗa suna zaga jami'a suna shelar cewa Farfesa ba ya so. Daga baya ya shiga ɓuya, aka yi ta sanar da adireshin maɓoyar a rediyo safe da yamma don kada wani ya je can bisa kuskure.

Sauran malamai suka ga za a bar su a baya. Wani ya riƙa suma duk lokacin da aka ambaci sunansa. Wani ya ɗaure kansa da sarƙa a bishiyar mangwaro, ya ba mai gadi makullin tare da bayanin inda motarsa take. Majalisa ta ga ƙin ya yi yawa, ta kafa Kwamitin Auna Ƙin Mulki, aka yi ta rikici kan wanda zai shugabance shi, don kowa ya rantse ba ya so.

Ranar tantancewa, kafin a shiga, Fada Anselm ya tare Rifkatu, wadda ita ma aka sa sunanta, a baranda. Shi ya koyar da ita, kuma hankalinsa a tashe yake.

"'Yata, in an tambaye ki, ki sunkuyar da kai kawai. Shiru ba ƙarya ba ne."

"Fada, ba haka kuka koya mana ba."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa nake jin tsoro."

A ciki, shugaban kwamiti ya tambaye ta ko tana son kujerar.

"Ina so, ranka ya daɗe. Ina so in tsare ajin Asabar, kuma na san aikin."

Wani ɗan majalisa ya ce tunda yake bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. Aka cire sunanta nan take, aka kuma ba ta shawara ta koyi tawali'u a wurin manya.

Farfesa kuwa ɗauko shi aka yi daga maɓoya yana shure-shure, amma cikin kulawa, don kada babbar rigar da ya ɗinka ta yamutse. Ya hau kujera yana kuka. Cikin kukan ya rufe ajin Asabar, ya ce zuciyarsa na son ajin ƙwarai, kuma shi ba ya bin son zuciya. Wannan abu ya yi wa Rifkatu ciwo, musamman da ta ga masu ƙosai sun zo Asabar ta gaba sun tarar da kwaɗo a ƙofa, suka ɗan tsaya, suka juya.

Da wa'adinsa ya cika, Farfesa ya tara majalisa ya ce babu abin da yake ƙauna a duniya kamar ya sauka. To amma ƙa'idar makaranta ta hana a ba mutum abin da yake kwaɗayi. Majalisa ta duba ta ga gaskiya ne, ta hukunta shi da wani wa'adin. Fada Anselm ya ɗaga hannu zai yi magana, aka gode masa bisa dogon hidima, aka raka shi waje da tafi.

Labari ya bazu. Sarkin garin ya ce shi ma sarauta ta ishe shi, ya kuma naɗa ɗansa don ya taya shi ƙin ta. A kasuwa, shugaban 'yan tireda ya fara suma.

Da aka sake buɗe takara, Rifkatu ta daɗe tana tunanin ɗalibanta. Wata safiya ta yafa gyale ta nufi shagon buga fosta a bakin kasuwa. Ta tarar da layi har waje, duk manyan gari ne. Mai shagon, wata Kande, tsohuwar ɗalibarta ce a ajin Asabar. Kande ta jawo ta gefe, ta kawar da ido.

"Malama, me za a rubuta?"

Rifkatu ta faɗa mata a hankali.

Kande ta gyaɗa kai. "Kin zo da hoton da kike kuka, ko a ɗauka a nan? Akwai albasa a ciki."

Rifkatu ta dubi layin, ta dubi Kande. Ta gyara gyalenta ta zauna gaban kyamara.