Kaka da Karen Katun

"Ina wuni, amaryata. Har yanzu iska ba ta tafi da ke ba?"

"Lafiya lau, mai tumbi. Ya aka yi ƙofar ta bar ka ka shigo?"

Haka suka fara, Kaka da jikanta. Ɗan yayata ne, tela, shi ya rage mata riguna har sau biyu tun da ta tashi daga ciwo. Ni kuwa 'yarta mai girki, sati uku ke nan ina ɗauke kwano yadda na ajiye shi. Likita ya ce in ba ta ƙara nauyi kafin Litinin ba, gado zai ba ta. Wallahi tsoro nake ji.

Tela ya kunna talabijin, aka yi dace ana wani tsohon katun. Wani kare mai riga ya jefa kifi guda a baki, ya zaro ƙayar a jere, ko ɗaya ba ta karye ba. Ya ɗaga tebur ya juye komai a maƙogwaro. Cikinsa ya yi ta kumbura har maɓalli ya tsinke ya fasa taga.

Kaka ta saki baki. Na manta rabon da in ga idonta da haske haka. A hankali ta tambaya ina abincin yake zuwa, kuma ya aka yi bai shaƙe ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe da kai suka yi fim ba ka faɗa mana ba."

"Ni da shi mun san aikin baki. Ke cokali ma ya fi ƙarfinki."

"Lokacin da nake cinye kaza guda ba a haifi uwarka ba."

"Cika baki ne. In ya ci faranti ɗaya, ki ci cokali ɗaya, mu ga ko za ki kai biyar."

Ta ce in miƙo shinkafar. Na miƙa mata. Kare ya haɗiye, Kaka ta haɗiye, idonta na kan talabijin, ja'irin nan kuwa duk cokalin da ta kai baki sai ya ce uku. Sai da ta ji tana kankarar ƙasan kwano ta farga.

Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo riga daga ƙarƙashin matashi ta wurga masa.

"Ka ci ni, maha'inci. Je ka warware ɗinkin da ka rage. Ka kuma ɗinke maɓallan da kyau, tagar nan ɗaya gare mu."